Dawaki Shida Marasa Idanu

A ƙarshen damunar 2023 na je gida Keffi ta'aziyya. Da aka shafa fatiha na fito, sai na ratsa ta wani lungu na Liman Abaji wanda na yi shekaru rabona da shi. A ƙofar wani gida na tarar da 'yan gwangwan biyu da kurarsu da sikelinsu, sun jawo wasu ƙarafa daga cikin kango suna bubbuga su da guduma domin tsatsa da ƙasa su zube kafin awo. Har na gota su, sai idona ya faɗa kan wani kan doki na itace yana leƙowa daga cikin ciyawa, fentinsa ya ɓare, kunne guda ya karye. Ban yi ta'ammali da shi ba fiye da shekara talatin, amma nan take na gane shi. Akawal ne.

Wanda bai tashi a unguwarmu ba sai an yi masa bayani. Abin da muke kira lilon dawaki wani turke ne na ƙarfe wanda ya ɗara tsayin mutum, ana kafa shi a fili. Daga jikinsa hannuwa shida na bututun ƙarfe suka miƙe kamar haƙarƙarin laima, a ƙarshen kowane hannu kuma an ɗaure dokin itace da sirdinsa da linzaminsa. Ba shi da inji, yara ne ke tura shi da gudu har ya ɗauki juyi. Kowane doki da sunansa gwargwadon launinsa, kamar dai a bargar sarki: Kili, Akawal, Bidi, Gunya, Danda da Bikili. Ba a kafa shi sai da Sallah ƙarama da babba da kuma Maulidi. Idan marigayi Sarkin Keffi Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu ya gama hawa, mahaya suka watse, ƙura ta lafa, to namu hawan ya zo. Sule guda ake biya a zamanin da na yi wayo, wajejen 1989, lokacin Keffi tana ƙarƙashin Jihar Filato. Wanda ba shi da sule yakan shiga cikin 'yan turi, ya tura wa masu kuɗi sau biyar a ba shi hawa ɗaya. Ni kam, goron Sallata kan ƙare tun da hantsi a wajen mai alewa, don haka na fi sanin lilon ta bayan doki.

Mai lilon muna ce masa Baba Maƙeri, har yau kuma da haka nake kiransa. Ya rasu 'yan shekaru bayan an ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, lilon kuwa ya riga shi kwanciya.

Na yi sallama aka yi mini iso wajen Inna, matarsa da ta rage. Ta gane ni da sunan mahaifina. Ta ce ruwan bana ya kayar da rufin ɗaki guda, kwano kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu, ƙarafan nan su kaɗai suka saura a gado ba a raba ba. Kuɗin da 'yan gwangwan suka taya bai kai na buhun shinkafa uku ba. Da yake ciniki bai faɗa ba tukuna, na nemi izinin magada na shiga, na sallami 'yan gwangwan da ladan wahalarsu, na saye. Inna ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, me za ka yi da tarkace?” Ban ba ta amsa mai gamsarwa ba, domin ni ma a lokacin hannuna ya riga tunanina.

Mutum ɗaya ne zai iya tayar da shi, wato tsohon yaron Baba Maƙeri, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, yana da rumfar walda a bakin titi inda yake ƙera ƙofofi da tagogi. Kawu nake ce masa. Daga bakinsa da bakin Inna na tattara tarihin maƙerin a cikin watanni shida, ina zuwa duk ƙarshen mako, rabi don aiki rabi don hira.

Baba Maƙeri ɗan gado ne. A gindin zuga-zugi ya tashi, yana hura wa mahaifinsa wuta ana ƙera fartanya da lauje. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa babbar mahaƙarsu ta kuza ana tsakiyar yaƙi, sai suka juyo kan tsaunukan Jos. Aka shiga ɗiban mutane ta hannun En'e ana kai su haƙar kuza ala tilas, har zuwa 1944. Da yawa sanyin Jos da ƙarancin abinci suka kashe su. A cikin waɗanda aka ɗiba har da shi, yana saurayi. Abin da ya cece shi daga rami shi ne wata rana bakin digarsa ya lanƙwashe, ya hura wuta da daddare ya gyara abarsa. Helima ya gani ya kai labari, aka mayar da shi ma'aikatar gyaran injuna a Bukuru. Can ya koyi walda, ya san noti da boris, ya kuma zauna shekaru masu yawa bayan an sallami sauran.

A can ne ya fara ganin lilo mai juyawa. Na 'ya'yan Turawan kamfani ne, a harabar kulob ɗinsu, an kawo shi daga Ingila. Ya lalace aka aike shi gyara. Kawu ya ce Baba yakan ba da labarin cewa aikin yini ɗaya ne amma ya ja shi kwana uku, yana kwancewa yana ɗaurawa, yana auna kowane ƙarfe da taƙi da kamu, don bai iya rubutun boko ba balle ya zana. Ya riƙe awon nan a kansa kusan shekara talatin. Sai a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka zubo, ma'aikata suka yi ta sayen babura da yin ƙofofin ƙarfe, hannunsa ya ɗan yi nauyi, sannan ya sayi ƙafar gaba ta wata matacciyar Bedford. Boris ɗinta shi ne zuciyar lilon. Hannuwan shida kuwa tsofaffin bututun ruwa ne na mahaƙar kuza, waɗanda ya taho da su a bayan mota tun dawowarsa gida, mutane suna yi masa dariya. Dawakin wani masassaƙin turmi ya sassaƙa masa su.

Da na koma ofis na ɗan bi diddigin abin, kamar yadda sana'armu ta saba mana. Ashe lilo da Sallah tsofaffin abokai ne. Wani matafiyi Bature mai suna Peter Mundy ya ratsa ƙasashen daular Usmaniyya a 1620, ya kuma zana ire-iren lilon da ya gani a garin da yau ake kira Plovdiv a Bulgeriya, waɗanda ake kafawa domin bikin Bairam, wato Sallah. A cikinsu har da mai juyawa da yara a kai. A Ingila kuwa wanda ya yi suna da wannan ƙira shi ne Frederick Savage na garin King's Lynn, wanda ya fara da gyaran kayan noma, daga baya ya shiga ƙera lilon dawaki mai aiki da tururi, ya rasu a 1897. Ya riƙe muƙamin magajin garinsu, aka kafa masa mutum-mutumi a bakin titi, kayan da ya ƙera kuma ana adana su ana rubuta tarihinsu. Shi ma daga fartanyar ƙasarsu ya faro. Namu maƙerin ko harafi ɗaya bai buga a jikin ƙarfensa ba. Na duba da fitila, ƙasa da sama.

A nan dole in ɗan taɓa mu masu nazarin Hausa. Ba na iya ƙirga kundayen ɗalibai da na duba a kan sana'ar ƙira. Kusan duka tafiyarsu ɗaya: maƙeran baƙi da maƙeran fari, uwar maƙera da masaba da awartaki, Sarkin Maƙera da wasan wuta, sai a rufe da kukan cewa zamani ya kashe sana'a. Ba wanda ya taɓa kawo mini babi a kan maƙerin da ya ajiye zuga-zugi ya ɗauki abin walda, ya mayar da gawar mota injin markaɗe ko kura ko lilo. Shi wannan a wurinmu ya fita daga “gargajiya”, a wurin injiniyoyi kuma bai shiga “kimiyya” ba, sai ya faɗa rami tsakanin tsangayoyi biyu. Tun a 1994 Philip Jaggar ya fitar da littafi a kan maƙeran birnin Kano da yadda suka sarrafa sana'arsu ta bi zamani, amma hanyar da ya share ba mu cika binta ba. Laifin ban ɗora wa ɗalibai ba. Mu muke ba su take.

Aikin gyara ya fi yadda na zata wuya. Mun jiƙa turken da kananzir da baƙin mai mako biyu kafin noti ɗaya ya motsa. Da Kawu ya buɗe mazaunin boris, sai muka tarar da giris ɗin da Baba ya cusa ya daskare kamar ƙaro, amma ya tsare ƙarfen daga ruwa. Aka wanke, aka sa sabo, Kawu ya juya shi da ɗan yatsa, ya yi ta juyi ba ƙara. Ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba. Hannuwa uku tsatsa ta huda su, dole aka sake. Bututun da muka samo a kasuwa ko rabin kaurin na dā bai kai ba, sai da aka zura rodi a ciki aka ƙarfafa shi. Dawaki huɗu na maɗaci ne, gara ta ɗanɗana ta bar su. Gunya da Danda kuwa da wani itace mai taushi aka yi su, ɓawo kawai ya rage, kana taɓawa yana zuba. Neman masassaƙin da zai maye su ya kai ni ƙauyuka uku, domin masu gizago sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma turmi da taɓarya suka sani.

Akwai ranar da damuwa ta kama ni, na ce wa Kawu, idan mun sake hannuwa uku da dawaki biyu da dukan fenti, anya lilon Baba ne za mu kafa ko namu? Ya ɗaga gilashin waldarsa ya ce, “Dakta, ai ko yana raye ba Sallar da ba mu sake wani abu ba. Bikili ɗin da kake gani shi ne na uku.” Daga ranar ban sake tayar da zancen ba. Sai dai shi ma Kawun yana da inda ba ya sassauci. Wani yaronsa ya ɗaura dawakin suna fuskantar ɗaya ɓangaren, ya sa aka kwance su duka. Ya ce ta hagu ake hawan doki, dole hagun doki ya kasance a waje inda yaro zai tsaya. Haka na Ingila suke juyawa, bin hannun agogo, saɓanin na Amurka. Kawu bai san wannan ba, abin da ya gani a wajen maigidansa ya riƙe.

Rigimar gaske a kan idanu ta tashi. Mai fentin da na ɗauko saurayi ne mai hannu, irin masu zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Ya dubi dawakin ya ce an manta ba a yi musu idanu ba, zai zana musu masu kyau har da gashin ido. Kawu ya ce ko kusa. Ni ma na san tun muna yara fuskokinsu a shafe suke, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Inna ce ta warware mana. Ta ce shekarar da aka fara kafa lilon, wasu suka yi ta gunaguni cewa an kawo gumaka unguwar malamai, har aka hana wasu yara zuwa. Baba Maƙeri ya ɗauki doki guda a kafaɗa ya kai zauren wani dattijon malami, ya ajiye a gabansa, ya ce a duba masa. Malamin ya jujjuya shi, ya ce abin wasan yara yana da rangwame, ya kawo labarin dokin wasa mai fukafukai da Nana A'isha take da shi. Amma don a rufe bakin masu magana, kada a cika surar: kada a yi masa ƙafafu, kada a yi masa idanu. Baba ya koma gida ya sa aka yanke ƙafafun da masassaƙi ya wahala a kansu, ya shafe idanun da fenti. Da wannan sharaɗi lilon ya zauna lafiya a Liman Abaji fiye da shekara ashirin. Wato rashin idanun nan wata yarjejeniya ce da aka ƙulla a zaure, ba a rubuce take a ko'ina ba sai a fuskar dawakin. Na ce wa mai fenti ya yi haƙuri, ya zuba basirarsa a kan sirdi da jalala.

Da ma a nan labarin ya tsaya.

Ranar da aka zo kankare Akawal ni na karɓi samfefa da kaina. Fenti hawa-hawa ne, baƙi a kan baƙi, kowace Sallah da nata. Da na iso ga itace a gefen dama na fuskar, ɓangaren da ke kallon turke, sai ga wani ɗan da'ira a karce, da ɗigo a tsakiya, aikin ƙusa, hannun yaro. Na ajiye samfefar.

Ina ɗan shekara takwas na yi shi, ranar Sallah ta biyu da azahar, an tafi masallaci an bar lilon ba kowa. Akawal ne dokina, ina jin tausayinsa yana ta gudu bai ga inda za shi ba. Na zaɓi gefen ciki don kada a gani. Kafin la'asar Baba Maƙeri ya gani. Ya tara mu 'yan turi ya tambaya, kowa ya yi tsit. A cikinmu akwai wani almajiri, ya ɗan girme ni, ya fi kowa ƙarfin turi, ba ya gajiya, shi ne kan tura mini idan na hau. An gan shi da ƙusa da safe yana gyaran robarsa ta bara. Baba ya nuna shi ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a wurin. Yaron ya rantse, ya sake rantsewa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina kallon yatsun ƙafata. Sauran kwanakin Sallar daga nesa yake tsayawa, jikin wata katanga. Da Babbar Sallah ta zo malaminsu ya riga ya tashi da su zuwa wani gari. Ko sunansa na gaskiya ba mu taɓa tambaya ba, da sunan garinsu muke kiransa.

Na kira Kawu na nuna masa, na ce ni ne na yi. Ina tsammanin zai yi mamaki. Sai ya yi murmushi ya ce, “Ai Baba ya sani. Ta tagar maƙera ya hango ka.” Na ce to don me ya kori wancan? Ya ɗan yi jim, ya ce, “Dakta, filin da ake kafa lilon na wa ne?”

Na mahaifina ne. Aro ya ba shi, ba ya karɓar ko kwabo.

Na yi watanni ina gina mutumin nan a zuciyata, ina shirin rubuta shi a matsayin gwarzon da masana suka manta, wanda Turawa suka ɗiba ala tilas ya dawo da abin faranta ran 'ya'yan talakawa. Duk wannan gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma mutumin da ya san zafin a tsaya a bayan shinge ana kallon 'ya'yan wasu suna lilo, shi ne ya auna ɗan mai fili da yaron da ba shi da kowa a garin, ya zaɓi wanda korarsa ba za ta jawo masa asara ba. Ban isa in yi masa hukunci ba, tunda ni na riƙe ƙusar, ni kuma na ci ribar shirun. Abin da na lura da shi kawai shi ne bai cike karcen ba. Yana da garin katako da danƙo, aikin minti biyar ne. Fenti kurum ya shafa a kai, shekara bayan shekara, yana sane da abin da ke ƙasa.

Mai fenti ya tambaya ko a cike. Na kai maganar gaban Inna, na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ku bar shi yadda ya bar shi.” Aka shafa baƙi a kai.

Mun kafa lilon da Ƙaramar Sallar 2024, a watan Afrilu. Filin mahaifina an daɗe da gine shi, sai wani maƙwabci ya ba mu ƙofar gidansa. Na yi fargabar yaran yanzu, da suka saba da waya da wuraren wasan Abuja masu lantarki, ba za su kula shi ba. Kafin mu gama ɗaure Kili layi ya kai bakin lungu. Iyaye sun fi yaran ɗoki, wani magidanci da babbar rigarsa ya dage sai ya hau Bidi, Kawu ya hana shi. An ɗauko wa Inna kujera ta zauna a zaure tana leƙe. Kuɗin hawa magada ke karɓa, haka muka shirya. Na roƙi a soke ƙa'idar turi biyar hawa ɗaya, kowane yaro ya hau ko da kuɗi ko babu, Kawu ya ce in aka yi haka wa zai tura? Muka daidaita a kan turi biyu. Almajirai suna nan kamar dā, da robobinsu a rataye, su ne kuma suka fi kowa ƙarfin turi.

Da yamma na ɗora 'yata ƙarama a kan Akawal. Tana riƙe da linzami tana shafa fuskarsa, sai yatsanta ya faɗa cikin ɗan ramin da ke ƙarƙashin fenti. Ta ce, “Baba, wannan yana da ido a ɓoye. Wa ya yi masa?” Na ce ni ne. Amma 'yan turi sun riga sun ɗaga, lilon ya tafi da ita, da ta zagayo kuma ihu take yi a ƙara gudu.